Yadda Ɗan Rediyo Ya Ƙwace wa Muhyi Ɗiya

Idan ka sauka Illela ka tambayi Muhyiddeen, tsayawa za a yi ana kallonka. Sunan ya yi wa mai shi yawa. Tun yana yaro muka gutsure shi muka bar masa Muhyi, don a lokacin sunan ya fi shi tsawo. Ka ce Likitan Kuka kawai. Ko akuya ka tambaya za ta nuna maka kwantenarsa, wata shuɗiya da ke tsakanin teburan 'yan canji da inuwar da 'yan kabu-kabu ke jiran masu tsallaka boda zuwa Ƙonni ta Nijar.

Taubashina ne. Babansa, Kawu Attahiru ɗan canji, yayan innata ne uwa ɗaya uba ɗaya, saboda haka duk abin da na faɗa a kansa a nan halal ɗina ne. Ni karatuna a aji biyu na sakandare ya tsaya, shi kuwa ya leƙa aji uku, shi ya sa har yau yake tafiya kamar wanda ya ƙirƙiro boko.

Da cajin waya ya fara, sannan ya samo tsohuwar kwamfuta ya shiga tura wa mutane waƙoƙi a memori. Likitancin kuwa tsautsayi ne ya kawo shi. Wata Lahadi, ranar kasuwa, wata mata daga Amarawa ta zo karɓar wayarta da goyo a baya, yaron yana tsala kukan da ya sa raƙuman kara suka daina tuƙa. Muhyi yana gwada wata sifika, ya danna kiɗan gurmi bisa kuskure. Yaro ya yi shiru, ya langaɓe, ya yi barci. Ni dai na ce gajiya ya yi. Amma matar ta koma Amarawa ta ba da labari, kuma labari idan ya fita daga bakin matan Amarawa ba ya tsayawa sai ya ga teku.

Daga nan Muhyi ya sayi farin tabarau, wanda ba ya ƙara gani ba ya rage shi, ya soma duba marasa lafiya.

"Watanai nawa?" haka yake tambayar uwa, yana leƙen jariri ta saman tabarau. "Ya hwara haƙori? Kukan sahe shika yi ko na la'asar?"

Jaririn da bai fara zama ba, gurmi yake tura masa, a hankali, ba kalangu. Kalangu sai yaro ya fara rarrafe, in ji shi, in ba haka ba zai taso da rawar kai. Gidajen malamai da ba sa son kiɗa yana da nasu, ƙasidu zalla da muryoyin yara masu rera baƙaƙe. Ɗan tatata, wanda ya fara taka ƙasa yana faɗuwa, waƙoƙin tafi na 'yan mata yake ba shi, da wasu masu kukan dabbobi, waɗanda suka sa yaran unguwarmu suka iya kukan jaki kafin su iya sallama. Waƙar soyayya kuwa ko an roƙe shi ba ya tura wa yaron da ba a yaye ba. Ya ce wanda bai san ɗanɗanon gishiri ba, ba za a fara masa da ciwon zuciya ba.

Littattafan daga baya suka zo. Ya je Ƙonni ya tarar da wani mai tsire yana yage littafin yara mai hotuna yana naɗe nama. Ya ci tsiren tukuna, sannan tausayi ya kama shi, ya kwaso sauran kwalin gaba ɗaya. Yanzu igiya ce ya ɗaura a bakin kwantena, ya maƙale littattafai da abin shanya kamar wankin jego. Akwai na Faransanci, akwai na Turanci, da 'yan na Hausa da na Larabci da yake samowa daga Sakkwato.

Dokarsa a kan littafi ɗaya ce: yaron da bai shekara ba, mai kaurin kwali za a ba shi, don ci zai yi. Ɗan maƙwabciyarmu ya cinye rabin wani na Faransanci, uwar ta zo a tsorace, Muhyi ya ce ta kwantar da hankalinta, in ya girma ba sai an yi masa tafinta a boda ba.

Idan uwa ta ce, "Malam Muhyi, ni fa ban iya karatun wanga yare ba," sai ya ce, "Shi jinjirin ya iya? Ki ɗora shi bisa cinya, ki dubi hoto, ki yi ƙarya. Gobe kuma ki maimaita ƙaryar yadda kinka yi ta, don suna riƙewa."

Akwai wani littafi mai farar dabba a kan ƙanƙara. Shekara da shekaru yana gaya wa mata tunkiyar Turawa ce. Yaran da suka fara haɗa baƙi kuma yana ba su aron ƙananan littattafan labari, in sun dawo da su ya tsare su da tambaya, wai kada a mayar da shi sakarai. Shi kansa bai karanta ko ɗaya ya kai ƙarshe ba.

To, sai Allah ya ba shi mata, Rabi'a, 'yar Garu, mai haƙuri da ƙaramar murya. Sai kuma Allah ya ba su ɗiya.

A nan ne zan yi wa wanda ba ɗan gidanmu ba bayani. Mu a danginmu kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Daga wata kakarmu Bafulatana muka gaje ta, kuma mun fi ta iyawa. Uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya ɗaukarsa, ba ya yi masa wasa, ba ya ma yarda a kama shi yana kallonsa. Muhyi kansa ɗan fari ne. Teburin Kawu Attahiru yana kallon kwantenarsa, kullum suna wuni fuska da fuska, amma tunda aka haife ni ban taɓa jin Kawu ya ce Muhyi ba. "Mai kwantena" yake cewa, kuma ba da shi yake magana ba, da iska yake yi, iska ta isar.

Kamar wannan bai isa ba, sai aka sa wa jaririyar Ummu Kulthum, sunan mahaifiyar Muhyi. Ga kunyar ɗiyar fari, ga sunan uwa. Mu muna ce mata Ummi. Shi ko Ummin ta fi ƙarfin bakinsa. "Mutuniyar" yake cewa. "Mutuniyar ta tashi?" "A ba mutuniyar ruwa." In ya shigo gida yana ganinta a tabarma sai ya kama kallon rufin ɗaki kamar mai neman inda ke yoyo. In tana wurin, bakinsa a rufe yake, da hannu yake nuna abin da yake so.

Ummi kuwa ta zo duniya da kuka irin wanda ba a taɓa shigo da shi ta Illela ba. In ta fara, mutanen Ƙonni suna rufe taga. Aka kunna mata gurmi, ta ƙara. Aka kunna ƙasida, ta yi amshi da ihu. Aka ba ta littafin kwali, ta jefi kaza da shi. Rabi'a ta rame har awarwaro yana zamewa daga hannunta. Labari ya kai bakin boda, 'yan kabu-kabu suka samu abin yi. Wani cikinsu, Jabir, kullum sai ya tsaya a gaban kwantena ya ce, "Likita, ƙaƙa mai jiki? Ko mu kai ta Amarawa a duba ta?"

Wata rana Muhyi ya kira ni, ya miƙo mini wani ɗan jan rediyo, irin mai cin memori, wanda bai fi sabulun wanki girma ba.

"Ki kai ma Rabi'a. Sabon shigowa na, daga Nijar."

"Wa ya yi waƙar?"

"Wani mawaƙi. Ba ki san shi ba."

Muka kunna a tsakar gida. Babu ganga, babu gurmi. Wata murya ce kawai, ta mutumin da ya toshe hanci, ga kukan jaki can nesa da ƙarar babur yana wucewa:

Mutuniyar, mutuniyar,
Raƙumi ya taho daga Ƙonni,
Ya ɗauko gishiri, ya ɗauko dabino,
Mai kuka a ba ta gishiri,
Mai dariya a ba ta dabino.

Ummi ta tsaya cak da baki a buɗe. Ta saurara. Kafin raƙumin ya sake tahowa daga Ƙonni ta yi barci.

Bayan waƙar, muryar ta shiga karanta littafi, shafi bayan shafi, har da na tunkiyar Turawa. Rabi'a ta sunkuyar da kai tana tsintar tsakuwa a shinkafar da ta riga ta tsince. Inna Kulu, mahaifiyar Muhyi, ta tashi ta shige ɗaki tana tari. Kowa ya gane, kowa ya yi shiru, don haka ake yi. Ni kaɗai ce Allah ya ɗora wa nauyin magana.

Washegari na same shi da kwastomomi. Na ce, "Muhyi, wanga mawaƙin Nijar, a gonar Kawu ta hanyar Garu yake zaune? Na ji kamar na san jakin."

"Jakai duk muryassu ɗaya."

"Kuma mura gare shi?"

"Salonai na."

"Allah ya ba shi lafiya. Muryar kamar ana jan buhu bisa kwano."

Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Kunnuwansa dai sun ba da shaida.

Haka Ummi ta girma da jan rediyo. Da shi take barci, da shi take tashi. Ta yi rarrafe tana jansa, ta fara tafiya tana rungume da shi. In ya sarƙe sai ta ɗaɗa masa duka a baya, ya ci gaba. Muhyi kuma yana ta aiko da sabon shigowa daga Nijar: waƙar wanka, waƙar cin tuwo, waƙar a bar wutsiyar kyanwa. Duk mawaƙi ɗaya, duk mura ɗaya.

Matsalar ta fito ne lokacin da bakinta ya buɗe. Ta lura cewa a gidajen maƙwabta akwai wata murya mai kauri da ke yi wa yara wasa, ana ce mata Baba. Ta duba gidansu, ta ga inda tata muryar mai kauri ke fitowa. Shi ke nan. Rediyo ya zama Baba. Tana goya shi, tana shimfiɗa masa tsumma, tana kai masa ƙara in an hana ta abu. Shi kuwa dogon mutumin nan da ke shigowa ba ya magana yana kallon rufi, ta ɗauke shi wani baƙo ne da ya ƙi tafiya.

Mun yi dariya har muka gaji. Amma wata rana da azahar ina gidan Muhyi ya dawo cin abinci. Ummi tana tsakar gida. Tana ganinsa ta sheƙa bayan randa ta ɓuya, ta ƙanƙame rediyon tana cewa, "Baba, Baba," wai ya cece ta. Muhyi ya tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa. A karon farko na ga ya dube ta sosai. Sannan ya mayar da ɗaya takalmin ya fita, bai taɓa tuwon ba. Ranar ban tsokane shi ba. Na ajiye sai washegari.

Da lokacin yaye ya yi, aka shirya kai ta Garu wurin kakarta ta wajen uwa, kamar yadda aka saba, ta zauna can har ta manta nono. Uwa ba ta rakiya. Ni aka ɗora wa kai ta, kuma aka sa ranar Lahadi don ana samun abin hawa. Duk dangi hankalinsu kwance, tunda Baba zai bi ta a hannu.

Da safen, Rabi'a ta dama mata fura ta sallama. Ummi yarinya ce mai tarbiyya, ba ta ci ta bar mahaifi da yunwa. Kafin a ankara ta tsoma Baba cikin ƙwarya har wuya, ta riƙe shi a ciki don ya ƙoshi.

Ya yi wani ɗan gurnani, ya yi shiru.

Ta buga masa baya. Shiru. Ta ƙara bugawa. Sannan ta buɗe baki.

Na saɓe ta na yi bakin boda da gudu, rediyo yana ɗigar fura a zanena. Kasuwa ta cika maƙil. Muka ratsa ta cikin masu albasa da masu awaki, mutane suna buɗe mana hanya kamar motar asibiti. Na dire ta a gaban kwantena na ce, "Likita, ga mai jiki, ga kuma ubanta ya rasu."

Ya ɓalle rediyon ya zaro memorin, ya goge da bakin riga, ya sa a kwamfuta. Ba komai. Ya hura masa iska, ya sa a waya. Ba komai. Ya shanya shi a rana, wani zakara ya zo yana dubawa.

Na ce, "Bar wahala. Ɗauko sabon memori ka tura mata daga kwamfuta."

Ya ci gaba da juya memorin a rana.

"Muhyi."

"Na goge."

"Ka goge mi?"

"Duk wadda na tura, sai in goge ta. Kada wani ya zo tura waƙa ya gani."

Mutumin da ke da waƙar kowane mahaluki daga nan har Agadas, har da ta waɗanda su kansu sun manta sun yi, ya ajiye kowacce wuri biyu saboda tsaro. Tasa kaɗai ya goge.

Ummi tana zaune a ƙasa, ta rungume gawar rediyo, tana kiran Baba da muryar da ta sa 'yan canji suka daina jin juna. Muhyi ya kunna gurmi. Ya kunna ƙasida. Ya kunna kukan dabbobi, jakan kasuwa suka amsa. Ya ciro littafi daga igiya ya miƙo mini in miƙa mata, ta yi jifa da shi ya faɗa cikin kaskon mai ƙosai. 'Yan kabu-kabu suka kashe babura suka zagaye mu. Jabir ya ce, "Likita, a ƙara mata allura."

Kawu Attahiru ya taso daga teburinsa. Shi kaka ne, tsakaninsa da jika sai wasa, ga shi kuma sunan matarsa gare ta. Ya durƙusa ya ce, "Haba amaryata, mi anka yi miki? Taho in sai miki alewa." Ta fizge hularsa ta aika da ita inda littafi ya tafi. Ya koma ya zauna da kai a buɗe.

Kukan ya canza. Ya daina zama na rigima, ya koma na shiɗewa, irin wanda yaro ke yi har numfashi ya ɗauke kafin ya dawo. A haka za a ɗora ta a babur a kai ta garin da ba uwa, ba nono, ba Baba. Na dubi Muhyi. Gumi ya jiƙa masa tabarau. Ya dubi teburin Kawu, ya dubi 'yan kabu-kabu, ya dubi rufin kwantena, amma ba yoyo a wurin.

Sai ya ce, "Bari in duba janareto," ya zagaya baya.

Janareton ya mutu. Wuri ya yi tsit, sai kukan Ummi. Can daga bayan kwantena, ta cikin ƙarfe, sai ga mawaƙin Nijar da murarsa:

Mutuniyar, mutuniyar,
Raƙumi ya taho daga Ƙonni.

Ummi ta haɗiye kuka. Ta ɗaga rediyon ta kara a kunne. Ta girgiza shi. Ta sauke. Ta juya kai hagu, ta juya dama. Sannan ta miƙe, tana jan majina, ta bi muryar da 'yar tafiyarta ta agwagwa. Ni na bi ta. Kasuwar Illela ta bi ni.

Muka same shi tsugune tsakanin janareto da jarkar mai, ido a rufe, yatsu biyu a hanci, yana raba gishiri da dabino. Bai san an zo ba. Ta tsaya a gabansa. Ta dubi rediyo, ta dubi bakinsa. Ta kai hannu ta cire masa yatsun daga hanci.

Ya buɗe ido ya ga ɗiyarsa, ya ga ni, ya ga rabin ƙasar Nijar a bayana. Waƙa ta tsaya.

Ummi ta san maganin wannan. Ta zagaya ta ɗaɗa masa duka a baya.

Ya ci gaba. Ba toshe hanci wannan karon, da muryarsa ta Allah, wadda ashe ta fi ta murar muni. Ta ajiye rediyon a ƙasa, ta hau cinyarsa ta zauna, ta kama maɓallin rigarsa tana murzawa, ina jin ƙara sauti take nema. Hannunsa ya yi ta shawagi a iska bai san inda zai sauka ba, daga ƙarshe ya sauka a bayanta.

Babu wanda ya yi dariya, sai Jabir, shi ma wani ya taka masa ƙafa. Kowa ya juya yana satar kallon Kawu Attahiru, don shi ne mai hukunci. Kawu yana zaune a teburinsa, ya juya kujera ya ba mu baya, yana karkaɗe mai daga hularsa. Ya daɗe yana karkaɗewa. Sannan ya yi magana da iska, yadda ya saba.

"A hwaɗa ma mai kwantena, hanyar Garu ta ɓaci, 'yan kabu-kabun ga kuma ba su da hankali. Ya kai amaryata da kainai. Ni zan duba mishi shago."

Na ce, "Kawu, ai yana jin ka."

"Ke anka tambaya?"

Haka muka tafi Garu mu uku a babur ɗinsa, shi a gaba, ni a baya, Ummi a tsakiya ta riƙe masa riga. Raƙumin nan ya taho daga Ƙonni ya fi sau dubu. Da Muhyi ya tsaya haɗiyar yawu sai ya ji duka a baya. Mun wuce masu shanu, mun wuce mata masu itace, kowa ya tsaya yana kallon babur mai waƙa. Da muka isa muryarsa ta dushe, sai iska ke fita. Surukarsa ta fito tarbarmu, ta ga wanda ya kawo yarinya, ta ja mayafi ta rufe fuska ta koma ciki, don ita ma tana da tata kunyar. Sai da Ummi ta yi barci a kafaɗarsa aka samu aka ɓamɓare ta.

Yayen nan, babur ɗin Muhyi ya san hanyar Garu fiye da mutanen Garu. Kullum yana da uzuri. Yau zai duba gona, gobe wani ya kira shi gyaran waya, a garin da wayoyinsa ba su kai yatsun hannu ba.

Har yau bai kira sunanta ba. Mutuniyar ce dai, kuma in Kawu yana kusa yana komawa neman yoyo a rufi. Amma ita ba ruwanta da wannan. Tana zuwa kwantena ta haye cinyarsa, ta ciro littafin tunkiyar Turawa, ta danna masa hanci, wai nan ne makunni. Jan rediyon yana nan a kan kanta, ya bushe da furarsa, ta daina gaishe shi.

Mata suna zuwa daga Amarawa, har daga Ƙonni, suna cewa a tura musu ta raƙumi. Yana gyara tabarau ya ce wannan ta ƙare, kuma mawaƙin ya daina waƙa. Kada ku yarda. Ranar da muka tafi Garu wayata tana hannuna tana ɗaukar murya tun daga boda har ƙofar gidan surukarsa, kuma ni ba na goge abu. Duk mai so ta same ni a gida bayan la'asar, kyauta ne. Jabir ya riga ya karɓa, ita ce ke tashi in an kira shi.